Ba aljanu ke hana yaron barci ba

A Maradi, idan yaro mai lalurar galahanga (wato autism) ya kwana ido biyu, yana kuka ko zagaya tsakar gida har asuba, sai a ce iska ce ta taɓa shi, ko uwar ce ta sangarta shi. Duka biyun kuskure ne, kuma na biyun ya fi yi mini ciwo.

Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa na sakin sinadarin melatonin, shi ke sanar da jiki lokacin kwanciya. A da yawa daga cikin irin waɗannan yara, sakin nasa yakan rikice. Ga shi kuma abin da ba ya damunmu, ƙarar fanka, zafin watan Afrilu, ƙaiƙayin riga, su yana hana su sakat. Wani farfaɗiya ce ke tashinsa, ko cushewar ciki da bai iya faɗa ba. Hasken wayar da ake miƙa masa don ya yi shiru ƙara korar barcin yake.

Uwar da ta yi watanni ba barci tana iya faɗawa ciwon damuwa, ba rashin haƙuri ba ne. Ranar kai yaron likita, a duba ta ita ma, kuma maigida ko kaka su riƙa karɓar ta wasu dararen.