Tayar Jan Tirela: Tsayi Ko Ƙarfin Ɗaukar Kaya?

Tambaya: Ina jan tirela da Hilux. In na sa mata manyan tayoyi, za ta ƙara ƙarfi?

Amsa: A'a, raguwa ma za ta yi. Duk yadda taya ta ƙara tsayi, haka inji ke ƙara shan wahala kafin ya juya ta. Wanda ya cire taya mai girman 265/70R17 (lambar girman da ke rubuce a jikinta) ya sa 285/70R17 ya ɗaga tsayin taya daga kusan milimita 803 zuwa 831, ƙarin kashi 3.5 cikin ɗari ke nan. In mota ba kaya, da wuya ka lura. Amma ɗaura tirela ka tunkari hawa, sai ka yi ta sauke giya, giyabos na ɗaukar zafi, mai na zurarewa, birki ma aikinsa ya ƙaru. Mitar gudu kuma ta fara yi maka ƙarya: tana nuna 100 alhali ka wuce 103. Kyan gani dai akwai shi, wannan ba musu.

Tambaya: To me ya kamata in duba?

Amsa: Lambar da ke bin bayan girman taya. Ɗauki LT265/70R17 121/118S. Wannan 121 na nufin kowace taya na ɗaukar kilo 1,450. 118 kuma kilo 1,320 ne, in an jera su bibbiyu a baya. Taya mai girma iri ɗaya amma mai lamba 112, iyakarta kilo 1,120. A ido duk ɗaya suke, shi ya sa ake shan mutane a kasuwa. LT alama ce ta tayar motar kaya, gefenta ya fi tauri, don haka bayan mota ba ya lilo sosai in tirela ta fizge shi. Ka tuna kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela a kan ƙugiyar bayan motarka yake sauka, tayoyin baya ne ke ɗaukar dakon. Sai dai taya mai ƙarfi ba ta ƙara wa mota iyakar da kamfani ya yanka mata.

Tambaya: Wili mai inci 20 ko 22 fa?

Amsa: Robar gefe ce ke raguwa, rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa wilin. A hanyoyinmu gara 16 ko 17. Wili ma yana da iyakar nauyinsa, kuma dole ramukan noti su yi daidai. Na Hilux mai noti shida 6x139.7 ne, wato ramuka shida a kan da'ira mai faɗin milimita 139.7.

Tambaya: Iska nawa zan ce wa mai faci ya ba ta?

Amsa: Bi takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, ka auna da safe kafin taya ta ɗau zafi. Lambar iska da ke jikin taya iyaka ce, ba ma'aunin kullum ba. Ƙarancin iska ga kaya ga zafin kwalta a watan Afrilu, su ke fasa taya. In ta gwanjo za ka saya, duba lambobi huɗun ƙarshe bayan haruffan DOT da ke jikinta: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019.