Ƙaramin oben na lantarki: me yake iya dafa wa iyali, me ya fi ƙarfinsa?

A gidaje da yawa a nan Bauchi, ƙaramin oben ɗin da aka kawo cikin kayan kicin ɗin amarya yana nan a kwalinsa, sai dai a goge masa ƙura. Ba a taɓa shi sai Sallah ta ƙarato an tashi yin kek, ranar ce kuma kek ɗin ke ƙonewa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Abin yana damuna, don na san irin hutun da wannan ɗan akwatin ya ba ni a girkin yau da gobe. Waɗannan su ne tambayoyin da ƙannena da maƙwabtana suka fi yi mini a kansa.

Anti, ba don kek da burodi kawai aka yi shi ba?

A'a. Oben tanderu ne, irin wanda ake gasa gurasa a ciki, sai dai maimakon garwashi, ƙarafa ne ke yin ja a sama da ƙasa. Duk abin da busasshen zafi ke dafawa zai dafa: kaza, kifi, nama, dankalin turawa, dankalin Hausa, doya, ayabar suya, awara, gyaɗa.

Abincin da na fi yi da shi a ranakun aiki shi ne wannan. In yanka dankalin turawa manya-manya, irin na Jos da ake saukewa a kasuwar Muda Lawal, in zuba masa mai cokali biyu da gishiri da ɗan yaji, in baza a tire, in jera cinyoyin kaza a kai, in watsa albasa da tattasai. Digiri 200 na ma'aunin Celsius, minti 40 zuwa 45, a juya sau ɗaya a tsakiya. Man kazar yana sauka ya ratsa dankalin. A cikin minti 40 ɗin nan na yi sallar Magariba, na duba aikin makarantar yara, ban tsaya a gaban kasko mai yana fallatso mini ba. Babban amfaninsa ke nan a wurina: yana sakar wa mace hannu.

Akwai kuma dabarar kayan miya. Ki raba tumatir da tattasai da attarugu da albasa, ki gasa su a digiri 220 na kusan rabin awa kafin ki niƙa. Ruwan tumatirin zai tsotse, tsaminsa ya ragu, miyar ta yi wani ƙamshi mai kama da na girkin itace, kuma ba za ki daɗe kina soya ta a kan gas ba.

To tuwo da masa fa?

Bar su a inda kika same su. Tuwo yana son tuƙi, ɗanwake yana son tafasasshen ruwa. Masa kuwa, wadda Bauchi ke tinƙaho da ita, tanda take so da mai da wuta daga ƙasa, shi ke ba ta ɓawon nan mai ƙarau-ƙarau da laushin ciki. In kika zuba ƙullin a gwangwanin kek zai nuna, amma kada ki miƙa wa ɗan Bauchi ki ce masa ce.

Maigida ya ce zai cinye mana yunit ɗin mita. Gaskiyarsa ce?

Yana da gaskiya ta wani ɓangare, amma a yi lissafi tukuna. Ki juya bayan oben ɗin, za ki ga an rubuta ƙarfinsa. Yawancin ƙananan suna tsakanin wat 1,200 zuwa 2,000. Wat 1,000 in ya yi awa ɗaya yana aiki, yunit ɗaya ya ci. Ke nan mai wat 1,500 a girkin minti 45 zai ci yunit ɗaya da 'yan kai, shi ma in ƙarafan sun kwana a kunne. Ba sa kwana: da zarar zafin ya kai inda kika saita sai su mutu, in ya sauka su sake kamawa. Wannan ne ɗan "ƙas" ɗin da kike ji lokaci-lokaci.

Kuɗin yunit ya danganta da rukunin da layinku yake. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki a Najeriya ta kai kuɗin rukunin A, wato masu alƙawarin wutar awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage. Ko da wannan farashin, gashin kaza da dankali bai kai naira 300 ba. Ki ɗora wannan a gefen man gyaɗan da za ki zuba a kasko in soyawa za ki yi, ki nuna wa maigida.

Inda yunit ke tafiya a banza shi ne kunna oben don ɗumama cokali uku na shinkafa, ko barinsa yana zafi rabin awa babu komai a ciki. Minti 10 ya ishe shi ɗaukar zafi. Kuma in kin kunna, ki ci moriyarsa: kaza na fita ki sa gyaɗa ko dankalin Hausa na karin safe.

In aka ɗauke wuta ina tsakiyar gashi fa? In tada janareta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce nauyi a garinmu. Ƙaramin janaretan nan na fanka da talabijin bai kai wat 1,000 ba, ba zai ɗauki oben ba, sai dai ki wahalar da shi. Babba mai ƙarfi zai ɗauka, amma kuɗin fetur ya kashe ribar. Masu sola su ma su tambayi wanda ya haɗa musu, domin duk abin da ke yin zafi yana zuƙe batir da sauri.

In saura minti 5 ko 10 ne, kada ki buɗe ƙofar, zafin da ke ciki zai ƙarasa aikin. In kuwa naman bai yi rabin nuna ba, kada ki zauna jiran a dawo da wuta. Ki kwashe ki ƙarasa a kasko ko tukunya. Naman da ya ji ɗumi bai dahu ba shi ne wurin da ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa. Ƙa'idar masana lafiyar abinci ita ce kada ya wuce awa 2 a haka, in kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa 1 kawai. Kin san yadda Bauchi take a Maris da Afrilu. Ya taɓa faruwa da ni, na bar kaza a ciki tun la'asar ina cewa yanzu za a kawo, sai bayan isha'i wuta ta dawo. Na zubar da ita raina yana ƙuna, amma ban yarda na ba yara ba.

Shi ya sa a lokacin da wutar unguwarmu ke wasa, nakan zaɓi abin da zai gama a minti 20 zuwa 25, kamar kifi.

Sai matsalar wuta mara ƙarfi. An yi oben ɗin don bolt 220 zuwa 240. In wutar ta sauka zuwa 180, zafin da ƙarafan ke bayarwa yakan koma kusan kashi 60 cikin 100. In kin ga fanka tana juyawa da ƙyar, ba ranar kek ba ce.

Me ya sa saman abinci ke ƙonewa, ciki kuwa ɗanye?

Saboda ɗakin ƙarami ne, ƙarfen sama yana dab da abincin. Ki sauke ragar zuwa tsakiya ko ƙasa da haka, ki rage digiri 10 zuwa 20 daga abin da aka rubuta don babban oben, in saman ya fara ja da wuri ki yafa masa takardar foyil.

Kowane oben kuma yana da halinsa, kamar murhu. Ga yadda za ki san naki: ki jera yankakken burodi ya cika raga, ki kunna a digiri 180 na 'yan mintuna. Inda burodin ya fi yin baƙi, nan ne wuta ta fi yawa, galibi can baya. Daga ranar kin san dalilin juya tire a tsakiyar girki. Kuma ki daina yawan leƙawa. Duk buɗe ƙofa zafi ne ke fita, gilashin don kallo aka yi shi.

Na gasa kazar Hausa ta fito kamar fata. Ina na yi kuskure?

Ba ki tafasa ta ba. Kazar Hausa ta yi yawo, namanta ya yi tauri, kitsenta kaɗan ne, busasshen zafi ƙara ƙandarar da ita yake yi. Ki sulala ta da citta da tafarnuwa da albasa har ta yi laushi, ki shafa mata mai da yajin ƙuli, sannan ta shiga oben minti 15 zuwa 20 don ta yi ja. Ga romo kuma ya rage miki na miya. Haka naman sa da na tsohon akuya.

Kazar gidan gona ce ke shiga ɗanya kai tsaye. Ki tabbata ta nuna har ƙashi: ki soki cinya inda ta fi kauri, ruwan da zai fito ya zama fari tas ba ja-ja ba. Mai ma'aunin zafin nama ta nemi digiri 74 a tsakiyar tsoka.

Da gaske ana dafa shinkafa da alale a ciki?

Ana yi. Dafa-duka: ki soya kayan miyarki a kan wuta kamar kullum, ki juye a kwano mai zurfi da wankakkiyar shinkafa, ki zuba tafasasshen romo kusan ninki biyu na shinkafar, ki rufe bakin da foyil ruf, digiri 180, kamar minti 45. Ba ta kamawa, ba ta caɓewa. Amma gaskiya in don shinkafa kaɗai ce, tukunya ta fi sauri.

Alale ne ya ba ni mamaki. Ki zuba ƙullin a gwangwanaye, ki jera su a tire mai zurfi, ki zuba ruwan zafi ya kai rabinsu, ki rufe da foyil. Tururin ne ke dafawa. Ki fara dubawa da tsinke bayan minti 40. In babu ruwan nan zai tsage ya bushe.

Wane irin kwano zan sa?

Na ƙarfe, na alminiyam, da gilashin da aka rubuta yana jure zafin oben. Wannan ba irin injin ɗumama abinci ba ne da ƙarfe ke yin tartsatsi a ciki. Roba, leda, da tukunya mai hannun roba su ne haramun ɗinsa.

Mu goma sha biyu ne a gida. Zai ishe mu?

Mai lita 20 zuwa 25 na amarya da ango ne da ɗa ɗaya ko biyu. Mai lita 45 zuwa 60 yana ɗaukar kaza guda da dankalinta, ya ciyar da mutum biyar ko shida. Babban gida irin naku, tukunya ce za ta ci gaba da ɗaukar tuwo da shinkafa, oben ya riƙe nama ko kifin da za a ɗora a kai. Kada ki cusa masa abinci don a gama a zubi ɗaya. In aka cunkushe tire, abinci sulala yake yi a ruwan jikinsa, ba ya gasuwa.

Akwai haɗarin da ya kamata in kiyaye?

Akwai, kuma mafi yawansa a wayar lantarki yake. Ki sa shi a soket ɗin bango shi kaɗai. Siririyar wayar ƙari irin ta cajin waya ba ta ɗaukar wat 1,500, sai ta yi zafi ta narke, musamman in an haɗa da dutsen guga ko hita. In kin taɓa filogin kin ji ya yi zafi, ki kashe ki kira mai gyaran wuta.

Jikinsa na waje yana ƙuna sosai, don haka kada ki ajiye masa ledar burodi ko kwanon roba a ka, ki bar tazarar kamar tafin hannu tsakaninsa da bango da labule, ki ɗora shi inda hannun mai rarrafe da mai tatata ba zai kai ba. In an ɗauke wuta ki murɗe shi ki zare filogi nan take, kada a dawo da ita tsakar dare yana kunne kowa na barci. In ya huce, ki zaro tiren ƙasa ki wanke, domin kitsen da ya taru shi ke hayaƙi, shi ke kama wuta, shi ke kiran kyankyasai.

Wadda kuma yau ne za ta fito da nata daga kwali, ta cire duk takardu da ledojin da ke ciki, ta wanke raga da tire, ta buɗe taga, ta kunna shi babu komai na minti 15 har warin sabunta ya fita. Sannan ta fara da dankalin Hausa, wanda ko ya ƙone asarar ba ta da yawa.