Casis ɗin Motocin Bedford

Bedford suna ne na manyan motocin kaya da na soja waɗanda kamfanin Vauxhall ya fara ƙerawa a garin Luton da ke Ingila a shekarar 1931, shekaru shida bayan kamfanin General Motors na Amurka ya sayi Vauxhall. Abin da ya ɗaukaka sunan shi ne casis, wato ƙarafan da ke ɗauke da inji, giya, tayoyi da bodin mota baki ɗaya.

Ƙirarsa ba ta da sarƙaƙiya: dogayen ƙarafa biyu ne a kwance, an haɗa su da wasu gajeru a gicciye kamar tsani, sannan aka rataya tayoyin a kan fale-falen sifirin. Sau da yawa casis da inji da kan mota kawai ake sayarwa, mai saye ya ɗora bodin da ya dace da aikinsa, ko na bas, ko na tanka, ko na ɗaukar kaya. Bodi yakan ruɓe a sake wani, casis kuwa yana nan.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin ya ƙera motoci kimanin 250,000. Daga cikinsu akwai samfurin QL mai ɗaukar tan 3, wanda tayoyinsa na gaba da na baya duka ke ja, kuma an yi sama da 52,000 tsakanin 1941 da 1945. Samfurin RL ya gaje shi a shekarun 1950.

Sai dai wanda ya fi yin nisa a duniya shi ne TJ mai dogon hanci, wanda ya fito a 1958. A Nijeriya da Gana kafintoci sun riƙa ɗora wa casis ɗin Bedford bodin katako da bencina, ya kwashi fasinja da buhunan hatsi lokaci guda. A Sudan kuwa kanikawa kan ƙara wa casis ɗin ƙarfe da sifirin, har ya ɗauki fiye da kayan da aka tsara masa a hanyoyin rairayi, kuma a can ana kiran motar Sifinja.

A 1987 aka sayar da masana'antar manyan motocin Bedford da ke garin Dunstable a Ingila ga kamfanin AWD, wanda ya durƙushe a 1992.