419: lambar da aka ɗora wa kayan da ba nata ba

Ɗan siyasa ya yi alkawarin gina titi bai gina ba, sai ka ji mai sharhi a rediyo yana cewa ai wannan 419 ce. Mutum ya sayi waya ta intanet an kawo masa jabu, 419. An yi wa wani kutse a asusun banki, 419. Kwanan nan ma na ji an kira sakamakon wasan ƙwallo da wannan suna. Lambar ta zama riga mai faɗi, duk wanda aka ji haushinsa sai a zura masa ita. Abin yana ba ni takaici, domin ainihin damfarar da lambar ta yi suna a kanta tana nan da ranta, kullum tana shigo mana waya, mu kuwa mun ɓatar da sunanta a cikin hayaniya.

Lambar dai sashe ce a kundin dokokin laifuka na Nijeriya, wanda lauyoyi ke kira Kiriminal Kod. Sashe na 419 ya yi magana ne a kan wanda ya karɓi dukiyar wani ta hanyar ƙarya da nufin zamba, ya kuma tanadi ɗaurin shekara 3 a matakin farko. Abin dariyar shi ne, wannan kundi ya fi aiki a jihohin Kudu. Arewa tun 1960 da Final Kod take aiki, kuma a cikinsa zamba tana sashe na 320 ne. Ashe da kowa zai bi kundinsa, da ɗan damfarar Arewa ɗan 320 za a ce masa. Ba mu kaɗai ne muka mai da lambar doka zagi ba. A Indiya da Pakistan, idan an ce mutum 420 ne, to macuci ake nufi, domin sashe na 420 na kundin da Turawan Ingila suka kafa can a 1860 shi ne ya yi hukunci a kan zamba. Final Kod ɗin ma jikan wancan kundi ne, ta Sudan ya biyo ya iso. Wato lambobi uku, 419 da 420 da 320, duk a kan hali ɗaya. Sai kuma ga shi yau masu gabatar da ƙara sun fi ɗauko wata doka daban, wadda aka yi musamman don wannan damfara a 2006, mai ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ba zaɓin tara. Sashen da ya ba wa laifin suna ya zama tsohon soja, suna ya rage masa.

To mece ce duniya take nufi idan ta ce 419? Abu ɗaya ne tak, kuma Hausa tana da kalmar da ta zauna masa daram: damfarar kafin alƙalami. A yi maka albishir da wani abu babba, gado ko kyauta ko aiki ko bashi ko biza, sannan a ce kafin ya iso hannunka sai ka biya wani abu ƙarami. Kuɗin rajista, kuɗin kwastan, kuɗin lauya, harajin fitar da kuɗi. Ka biya, sai wata sabuwar matsala ta ɓullo, ita ma da kuɗinta. Babban abin ba ya taɓa zuwa, domin tun asali babu shi. Ƙaramin da kake biya shi ne kasuwar gaba ɗaya.

Dabarar ta girmi intanet, ta girmi Nijeriya kanta. A Faransa, bayan juyin juya halin 1789, fursunoni sun riƙa aika wasiƙu suna cewa su barori ne na wani basarake da ya tsere, sun binne akwatin zinariyarsa, a taimaka musu da ɗan kuɗi su fita a raba. Ana kiran su wasiƙun Ƙudus. A ƙarni na 19 aka yi yayin “fursunan Sifaniya”: attajiri ne wai a tsare, yana neman mai biya masa cin hancin masu gadi, tukwici kuwa kaso daga dukiyarsa, wani lokaci har da auren 'yarsa. Daga takarda aka koma fakis, daga fakis zuwa imel, yanzu kuma zaurukan WhatsApp da Telegram da Facebook.

Wanda ke ganin sai jahili ake kamawa, ya duba labarin Emmanuel Nwude. Tsakanin 1995 da 1998 ya yi shigar gwamnan Babban Bankin Nijeriya, ya shawo kan Nelson Sakaguchi, babban jami'i a bankin Noroeste na ƙasar Burazil, cewa akwai kwangilar gina filin jirgin sama a Abuja, kuma da kamashonsa a ciki. Asarar ta kai dala miliyan 242. Ba a kwashe su dare ɗaya ba, bi da bi aka riƙa tura su, kowane biya da hujjarsa. Asiri bai tonu ba sai da bankin Santander na Sifaniya ya zo sayen bankin, aka buɗe littattafai. A 2005 kotu ta ɗaure Nwude bayan hukumar EFCC mai yaƙi da zamba ta gurfanar da shi. Ma'aikacin banki ne fa Sakaguchi, wanda lissafi ne abincinsa. Abin da ya riƙe shi, shi ne ke riƙe mai neman aikin da ya biya kuɗin fom: bayan biya na uku, tsayawa na nufin ka yarda na farko da na biyu sun tafi, zuciya kuwa ba ta son wannan lissafi.

Nan ne cakuɗa kalmomi ke cutarwa. Tsarin Ponzi, irin MMM da ya daskare da kuɗin mutane a Disambar 2016, daban yake: shi yana biyan na farko da kuɗin na baya har ranar da zai rushe. Saƙon da ke neman lambar sirrin katinka ko lambar da banki ya turo maka shi ma daban, wannan satar makulli ce. Ita kafin alƙalami ba ta biyan kowa, ba ta kuma satar komai a ɓoye, kai da hannunka kake miƙawa. Idan duk an haɗa su a buhu ɗaya, mutum ba zai san alamar da zai nema ba.

Kuma alamar da aka fi koya wa mutane ta tsufa. Ana cewa ka lura da gurɓataccen Turanci da labarin yarima mai gadon miliyoyi. A 2012 wani mai bincike a kamfanin Microsoft, Cormac Herley, ya yi bayanin cewa wautar waɗannan wasiƙu rariya ce: mai wayo zai yi dariya ya goge, wanda ya amsa kuwa ya riga ya nuna zai yi sauƙin kamu, don haka ɗan damfara bai ɓata lokacinsa ba. Bayanin ya yi ma'ana a kan wasiƙun da. Amma na yau saƙo ne tsaf, da tambarin hukuma, da harshenka na gado, sau da yawa daga lambar abokinka da aka ƙwace. Alamar da ba ta canzawa ita ce inda kuɗi ya fuskanta. Wanda ya ce zai ba ka, shi ne kuma yake cewa ka fara ba shi. Ka ce masa ya cire kuɗin rajistar daga cikin kyautar ya turo sauran, ka ji irin dogon bayanin da zai biyo baya. Sauran alamomin rakiya ce: gaggawa, kada ka gaya wa kowa, mu koma magana ta sirri, biya ta katin kyauta ko kirifto ko asusun wani mutum can da sunansa bai yi kama da na hukumar ba.

Akwai wata magana da nake so a rage, wato “ai kwaɗayi ne ya ja masa”. An ce kwaɗayi mabuɗin wahala, ban musa ba. Amma wane kwaɗayi ne a wurin mai neman aiki, ko mai neman bashin jari, ko ɗalibin da aka ce ya samu tallafin karatu? Wannan gori shi ne babban mai gadin ɗan damfara, domin wanda aka cuta yakan gwammace ya haɗiye asara da a yi masa dariya. Shiru ɗaya kuwa yana ba wa saƙon damar zagaya zaure goma.

Kai rahoto ba shi da wuya, jerin ne ake kuskurewa. Mutane sukan fusata su zagi mai saƙon, su toshe shi, su goge komai, shaida ta tafi. A fara ɗaukar hoton hirar, da lambar, da asusun da aka ce a tura kuɗi. Sannan a danna wurin kai ƙara na manhajar. A WhatsApp, saƙonni 5 na ƙarshe ne ke tafiya wurin kamfanin, kuma ba a sanar da mai turowa. A gaya wa shugaban zaure ya cire shi. Idan za a gargaɗi jama'a, hoto za a sa, kada a sake tura saƙon da mahaɗinsa, don wani zai danna. In kuɗi ya riga ya fita, banki ne farko, a cikin sa'ar nan, kafin a kwashe shi zuwa wani asusun. Bayan nan sai hukuma: EFCC a Nijeriya, cibiyar IC3 ta FBI a Amurka, 'yan sanda a sauran wurare. A wurinsu kuma “an yi mini 419” ba bayani ba ne. Abin da za su yi aiki da shi shi ne me aka yi maka alkawari, nawa ka biya, sau nawa, ta wane asusu.

Bayan kwana biyu ko wata guda, mai yiwuwa wani ya kira ka. Zai ce shi lauya ne, ko jami'i, ko gwanin kwamfuta, ya ji abin da ya same ka, an ma gano inda kuɗinka suke. Sunayen waɗanda suka taɓa biya haja ce da 'yan damfara ke sayar wa junansu, shi ya sa ya san adadin da ranar. Zai dawo maka da su duka, in ji shi, sai dai akwai ɗan kuɗin buɗe fayil.