Rahama Sadau: fim da Hausa, Turanci da Indiyanci

Rahama Sadau jaruma ce ta fim, an haife ta a Kaduna ranar 7 ga Disamba 1993, kuma tana cikin 'yan matan Kannywood ƙalilan da sunka fito fim a Kano, sunka fito a Legas, sannan har Indiya. Harsuna ukku take aiki da su: Hausa, Turanci da Indiyanci. Indiyancin nan ba makaranta ta shiga ta koyo shi ba, kallon finafinan Indiya ne tun tana ƙarama, irin kallon da mu ma nan Gusau da Talatar Mafara munka tashi da shi, sai dai mu mun tsaya ga haddace waƙa da rawa, ita ko ta riƙe maganar har ta iya hira da shi.

Ta shigo Kannywood a 2013, fim ɗin da ya fara fito da sunanta shi ne Gani Ga Wane tare da Ali Nuhu. Daga nan ta yi suna da wuri, masu turin fim a waya cikin kasuwa sun san in hotonta na jikin fosta to memorin mutane sai ya cika.

A Oktoba 2016 ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN ta kore ta daga Kannywood saboda wani bidiyon waƙa da ta fito tare da mawaƙi ClassiQ, anka ce ya saɓa ma ƙa'idojin masana'antar. Ta nemi afuwa, kuma a farkon 2018 anka janye korar. Amma tsakanin nan ba ta zauna ba, kuma a nan ne Turancinta ya yi mata rana, don a 2016 ɗin ta fito cikin shirin talabijin na EbonyLife mai suna Sons of the Caliphate a matsayin Binta Kutigi, sai MTV Shuga inda ta fito da suna Yasmin, shirin da ake nunawa a ƙasashen Afirka da dama kan lafiyar matasa, daga baya sai fim ɗin Up North a 2018 wanda anka ɗauka a Bauchi tare da Banky W. Abin da ya kamata a lura shi ne yawancin waɗannan rol ɗin na ɗiyar Arewa ne, mai lulluɓi, mai sako Hausa tsakiyar Turanci, kuma a da masu shirya fim a Legas sau da yawa wata can suke ɗaukowa ta yi, Hausar ta fito a karkace, mu da ke kallo sai takaici ya kama mu. Ita ko in ta buɗe baki ka san daga gida take.

Ta kuma buɗe kamfaninta, Sadau Pictures, ta shirya Rariya a 2017 da Mati A Zazzau a 2020. Digirinta a Eastern Mediterranean University ta yi shi, a Arewacin Cyprus, fannin kula da ma'aikata.

A 2022 ta fito cikin fim ɗin Indiya Khuda Haafiz kashi na 2, wanda Vidyut Jammwal ne babban jarumi a cikinsa. Rol ɗin ba babba ba ne, gaskiya ke nan, amma ga mutanen da sunka shekara da shekaru suna kallon Indiya a gidan kallo da fassarar Hausa, ganin Bahaushiya cikin fim ɗin su ba ƙaramin abu ba ne. Ana sukar ta sosai, musamman kan sutura da hotunan da take sakawa a intanet, a 2020 ma an yi ta cece-ku-ce har ta fito ta ba da haƙuri, kuma har yau mutanen Arewa ba su daidaita ra'ayi kanta ba. Duk da haka tana ci gaba da aiki tsakanin Kannywood da Nollywood, tana fitowa tana kuma shiryawa da kanta.