Waiwaye: yadda sharaɗin "kotunmu kawai" ya taso daga jirgin ruwa ya shigo wayar hannu

Muhawarar inda za a kai ƙarar manhajojin ƙasar waje ta ƙi mutuwa a Abuja. Duk lokacin da aka rufe wa wata mai sayar da atamfa shafinta, ko kuɗin wani mai sayar da waya a Wuse suka maƙale a wata manhajar ƙasar waje, sai maganar ta dawo sabuwa. Masu zafin rai su ce a kai ƙara Babbar Kotun Tarayya kawai. Lauya kuma ya ce a dakata, a fara buɗe sharuɗɗan da aka danna wa "na amince". Can kusa da ƙarshe akan tarar da layuka biyu: ɗaya ya faɗi kotun da za ta saurari rigima, sau da yawa a Kalifoniya ko Dublin ko Singafo, ɗayan ya faɗi dokar ƙasar da za a yi hukunci da ita. Abubuwa biyu ne daban, domin alƙali a Abuja yana iya zama ya yi hukunci da dokar Ingila idan ita aka zaɓa. Amma na farkon ya fi ciwo, shi ne mai hana ka ko taka ƙofar kotu.

Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin sabuwar dabarar zamanin intanet. Ya girmi intanet ɗin da muka sani, kuma asalinsa ba shi da muni.

Manyan 'yan kasuwar teku ne suka raine shi. Jirgi ɗaya yakan ratsa ruwan ƙasashe da dama, mai jirgin ɗan wata ƙasa, mai kayan ɗan wata, don haka sai su tsayar da kotu ɗaya tun kafin a tashi. A 1972 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da irin wannan sharaɗi a shari'ar Bremen, inda kamfanin Amurka da na Jamus suka zaɓi kotun Landan kan aikin jan na'urar haƙar mai zuwa Italiya. Kowane ɓangare na da lauyoyinsa, an kuma yi ciniki. Mu ma a nan ta teku maganar ta iso. A 1987, a shari'ar Sonnar da Nordwind kan shinkafar da aka yi lodinta daga Bankok zuwa Legas, takardar kayan ta ce kotun Jamus, amma Kotun Ƙolin Najeriya ta bar shari'ar a gida saboda wa'adin shigar da ƙara a Jamus ya riga ya wuce. A 2008 kuma, a shari'ar Nika Fishing, ta mutunta sharaɗin da ya zaɓi Ajantina. Ƙa'idar dai ita ce alƙawari kaya ne, sai idan mai ƙara ya kawo ƙwaƙƙwaran dalilin da zai sa a sauke masa. Ɗaliban lauya duk sun haddace wannan.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne shekarar 1991.

Wasu ma'aurata daga jihar Washinton ta Amurka suka sayi tikitin yawon shaƙatawa na mako guda a jirgin ruwa, daga Los Anjalis zuwa gaɓar Meziko. Ta hannun wakilin tafiye-tafiye suka biya, daga baya tikitin ya iso musu. Jirgin na tsakiyar teku matar ta zame ta faɗi, ta ji rauni. Da suka koma gida suka shigar da ƙara a jiharsu, sai aka nuna musu wani sakin layi cikin ƙananan rubutun tikitin: duk wata ƙara sai a jihar Fulorida, wato ɗaya kusurwar ƙasar, tafiyar dubban kilomita. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce wannan sharaɗi ba zai hau kansu ba, tunda ba a yi cinikinsa da su ba, kuma zuwa Fulorida zai yi musu nauyi. Kotun Ƙoli ta juya hukuncin, alƙalai 7 suka rinjayi 2.

Hujjojin masu rinjaye sun cancanci a karanta su a tsanake, don su ne har yau ake maimaitawa. Suka ce jirgi yana ɗauke da fasinjoji daga wurare barkatai, haɗari ɗaya na iya jawo ƙararraki a kotuna masu yawa. Suka ce tsayar da kotu ɗaya yana rage ɓata lokaci da kuɗi wajen gardamar inda za a yi shari'a. Sai ta ukun, wadda ita ce ta yi nisan zango: kuɗin da kamfani ya tsira da su za su dawo wa fasinja ta hanyar sauƙin farashin tikiti. Alƙalai biyun da suka saɓa suka nuna cewa fasinja ba ya ganin sharaɗin sai bayan ya biya, a lokacin da fasa tafiyar ke nufin asarar kuɗinsa.

A idon wanda yake zaune a 1991 hujjojin ba shirme ba ne. Fasinjojin jirgin shaƙatawa 'yan tsiraru ne masu abin hannu, kuma Fulorida, duk nisanta, cikin ƙasarsu take, ba biza ba canjin kuɗi. Amma a ranar wani abu ya sauya wuri. Ƙa'idar da aka ɗinka wa 'yan kasuwa biyu masu ƙarfi ɗaya ta koma jikin mutumin da bai rubuta ko harafi ba, bai kuma da ikon goge ko harafi. Aka daina tambayar ko an yi ciniki, aka koma tambayar ko an sanar da kai. A ganina nan ne tushen abin da ake kuka da shi yau, ba a wayar hannu ba.

Ga wani abin lura. A wannan shekara ta 1991 Najeriya ta fitar da dokar hurumin shari'o'in teku, kuma sashe na 20 nata ya ce duk yarjejeniyar da ta nemi ƙwace wa kotu hurumi a irin waɗannan shari'o'i banza ce, matuƙar lamarin ya shafi Najeriya, misali a nan za a sauke kayan ko ɗaya ɓangaren a nan yake zaune. Wato mun gane haɗarin da wuri, mun kuma yi masa magani kai tsaye. Sai dai maganin na mai shigo da kaya ta tashar Apapa ne. Ba wanda zai zargi mutanen wancan lokaci, shekara goma kafin GSM ya iso a 2001, da rashin hango matar da za ta riƙa sayar da turaren wuta daga ɗakinta a Kubwa ta manhajar da hedikwatarta ke wata nahiya. Kariyar ta tsaya a bakin teku, sharaɗin kuwa ya ci gaba da tafiya.

Daga nan abin ya yi sauri. A 1996 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta amince da sharuɗɗan da ke cikin kwalin manhajar kwamfuta, waɗanda sai ka saya za ka gani. A 1999 wata kotu a jihar New Jersey ta Amurka ta wajabta wa masu amfani da wani kamfanin intanet zuwa kotun da suka danna amincewa da ita, ta kuma jingina da shari'ar tikitin jirgin. A 2002 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ɗan ja linzami, ta ce sharaɗin da ke ɓoye a ƙasan shafi, inda mutum ba zai lura ba, ba ya ɗaure kowa. Darasin da masu rubuta sharuɗɗa suka ɗauka mai sauƙi ne: a sa maɓallin da dole sai an danna.

Wasu ƙasashen sun ƙi bin wannan hanya. Dokar Tarayyar Turai ta ba mai saye don amfanin kansa damar kai ƙara a kotun ƙasarsa, kuma zaɓen dokar wata ƙasa ba ya raba shi da kariyar dole da dokar gidansa ta ba shi. Yarjejeniyar Hague ta 2005 kan zaɓen kotu ta cire cinikin masu saye daga cikinta gaba ɗaya. A 2017 Kotun Ƙolin Kanada ta ƙi tura wata shari'ar sirrin bayanai zuwa Kalifoniya, saboda ratar ƙarfi tsakanin ɓangarorin.

Mu ma ba hannu rabbana muke ba. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta haramta sharuɗɗan da ba su da adalci, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta hau kan kamfanin da ba ya Najeriya idan yana sarrafa bayanan mutanen da ke cikinta. Hukuncin 1987 ma yana nan daram, alƙali na da ikon ƙin sakin shari'a. To amma dubi inda nauyin ya faɗa. Mai ƙara ne zai fara gamsar da kotu cewa a yi watsi da abin da ya danna, bayan ya nemi izinin aika sammaci ƙasar waje, kuma idan ya yi nasara yana iya tarar da dukiyar wanda ya kayar tana wata ƙasa. Wanda aka riƙe wa naira dubu ɗari biyu ba zai fara wannan tafiya ba.

Sannan akwai ramin da masu muhawarar ke tsallakewa. Wasu manyan dandamali yanzu suna rubuta cewa mai amfani don kansa zai iya zuwa kotun ƙasarsa, amma mai amfani don kasuwanci sai kotun da suka zaɓa. Mafi yawan masu kuka a Abuja kuwa 'yan kasuwa ne: mai ɗinki, mai kilishi, mai tallan gidaje a Gwarimpa. Ranar da tela ya mayar da shafinsa na kasuwanci ko ya biya kuɗin talla na farko, takardar ta sa shi a aji ɗaya da kamfanin da ya ja na'urar haƙar mai a shari'ar 1972.