Ba Kowane Jan Ido Ne Afolo Ba: Halin da Ake Ciki a Biyetnam

A ƙasar Biyetnam an daɗe ana ɗaukar duk wani jan ido a matsayin ciwon nan mai yaɗuwa da muke kira afolo, wanda ya addabi birnin Ho Chi Minh a shekarar 2023. Shi ya sa mutane da yawa ke sayen maganin ɗigawa a kemis, wasu kuma su turara idon da ganyen betel, wani tsiro da ake tauna ganyensa a ƙasashen Asiya.

Wannan fahimta kuskure ce, domin akwai kumburin da ke kama cikin ƙwayar idon kanta, wanda likitoci ke kira yubiyaitis. Alamominsa su ne zafi mai zurfi, da ƙin haske, da dusashewar gani, kuma galibi ba ya kawo kwantsa. Tarin tibi na cikin sanadinsa, abin da ba zai ba da mamaki ba a ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa cikin waɗanda tarin tibi ya fi yi wa katutu. Cikin sanadinsa akwai kuma ƙwayar cutar hafis mai kawo ƙuraje a leɓe, da tokzoplasma, wato ƙwayar cutar da ake ɗauka daga kashin kyanwa ko ɗanyen nama, da cututtukan da garkuwar jiki ke far wa idon da kanta, irin su Behcet.

Abin takaicin shi ne, magungunan ɗigawa masu sinadarin rage kumburi na dekzametason, waɗanda ke cikin irin waɗanda ake saye a kemis, suna kwantar da jan idon su ɓoye cutar, kuma yawan amfani da su yana haddasa yanar ido da hawan jinin ido.